Sunan da Bubayero Ya Ara

Ni Iklima ban iya ɓoye ƙiyayya ba, shi ya sa 'yan gidanmu ke cewa bakina ya fi wuƙar mahauci kaifi. To, su yi ta faɗa. Labarin Safiyyatu zan ba ku, 'yar ƙanena marigayi Abdulhamid, wadda na raina a ɗakina a unguwar Malam Inna tun tana rarrafe. Kuma ba yadda za a yi in ba da labarinta ban taɓo Bubayero ba, autanmu, wanda har gobe in ya gaishe ni da hanci nake amsawa.

Bubayero birkila ne, kuma ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Da ɗaukar kwanon siminti ya fara a Bolari, ya koyi jera bulo, ya samu kwangilar katanga guda biyu, shi ke nan leburori suka fara ce masa Injiniya. A Gombe kuwa wa ba injiniya ba? Mai gyaran keke injiniya, mai ja wayar wuta injiniya, mai gyaran fanka ma injiniya. Kowa ya san daɗin baki ne, ban da Bubayero. Ya sa aka rubuta a bayan motarsa, aka buga a katin sunan ɗansa, har matarsa ta daina cewa Baban Khalifa, sai Injiniya. Da abin ya daɗe, mu da ba mu yi boko ba muka ɗauka ko ya samo wata takarda ne a wani wuri.

Ita kuwa Safiyyatu tun tana firamare take da tambayar tsiya. Akwai kwari a bayan gidanmu, duk damina sai ya ƙara cin ƙasa, har wata shekara ya tafi da katangarmu da bishiyar zogale. Kowa na salati, ita tana tsugune a bakin ramin tana tambayata me ya sa ruwan ya zaɓi nan bai bi ta wajen maƙwabta ba. Na ce, "Ke, tashi daga nan, Allah ne ya kawo shi." Ta ce, "Goggo, ai Allah ya kawo shi, amma ta ina ya biyo?" Tun ranar ta ƙudurta sai ta karanci aikin injiniyan gine-gine.

Ba ta samu a sauƙaƙe ba. Lissafi take yi a jikin tiren da nake tallar yaji da shi, da alli, ta goge ta sake. Jarrabawar shiga jami'a ta kayar da ita a karon farko, ta yi kukanta, ta koma ta zauna shekara guda tana bita, a na biyu ta samu gurbi a Bauci. Da ta je gaya wa baffanta, maimakon ya sa albarka sai ya bushe da dariya ya ce, "Injiniyar tuwo ke nan! Ki fara auna ruwan miya tukuna." Sunan ya bi ta, har yaran gidansa suna kiran ta da shi a gaban baƙi. Ta haɗiye.

A shekararta ta huɗu makaranta ta tura su koyon aiki na wata shida, kuma sharaɗin shi ne a ƙarƙashin injiniya mai rajista da hukuma. Dangi kaf suka ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ga injiniya a gida, me zai kai 'ya mace wurin baƙi? Safiyyatu ta je ta durƙusa a gabansa, ina zaune ina ji, ta ce, "Bappa, sun ce sai mai rajista. Kana da ita ko?"

Ya haɗe rai ya ce, "Ke, ni kike wa wannan tambayar? Tun ba a haife ki ba nake injiniya."

Wace 'ya ce za ta ce wa ƙanen ubanta ya nuna mata takarda? Ta sunkuyar da kai ta ce a gafarce ta. Wata shida yarinyar nan tana cikin rana a wani gini da yake yi a Bolari, hular kwano a kan hijabi, ta yi baƙi ta rame. Yana aiken ta sayo wa leburori abinci, in baƙi sun zo ya nuna ta ya ce, "Ga ɗalibata." Duk wannan lokacin ya san abin da ya sani, ya yi gum.

Ana saura kwanaki ta gama, malaminsu ya zo daga makaranta duba ta. Ya gaisa da Bubayero cikin mutunci, ya nemi lambar rajistarsa. Gogan naku ya shafa aljihu, ya ce bari ya je masallaci ya dawo. Da hantsi fa! Wace salla ce da hantsi ga mutumin da ko walaha bai taɓa yi ba? Malamin ya jira har ya gaji ya tafi. Aka soke wata shidan nan gaba ɗaya, aka ce sai ta maimaita shekara. Abokan karatunta suka wuce suka bar ta.

Ta dawo gida ta kwanta, ba ci ba magana. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Goggo, na haƙura da karatun nan." Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Na yafa mayafi na nufi gidan Bubayero, na same shi yana cin tuwo hankali kwance.

Na ce, "Bubayero, ka san ba ka da ita, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Adda, Allah ne bai nufa ba. Kuma mace da ma ina za ta kai shi?"

Na ce, "Kada ka ɗora wa Allah ƙaryarka. Marainiya ka cinye wa shekara don kada a ji kai birkila ne. Tir!" Matarsa ta fito tana ba ni haƙuri, wai in duba girman Injiniya. Na ce ta kai girman kasuwa ta gani ko za a saya.

Na koma na ce wa Safiyyatu in ta bar karatun nan, to Bubayero ya ci riba biyu, kuma ban yafe ba. Akwai wata Madam Jane a Herwagana, 'yar Kaltungo, uwarta ta daɗe tana sayen yajina. Injiniya ce ta gaske, magudanan ruwa take ginawa. Na kai mata yarinyar. Kafin mu zauna ta ɗauko takardar rajistarta ta miƙa wa Safiyyatu ta ce, "Karanta da idonki, kada ki ƙara jin kunyar tambaya." A hannunta ta sake wata shidan, ta koma makaranta, ta gama da sakamako mai kyau.

Muka yi walima a tsakar gida. Bubayero ya zo da babbar riga, ba kunya ba tsoron Allah, ya zauna a kujerar gaba. Can wata maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ina Injiniya? A fito a gaisa da jama'a!" Sai ga Bubayero ya miƙe yana gyara riga. Ita ma Safiyyatu ta fito daga ɗaki. Suka tsaya suna kallon juna.

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, ta riga ni. Ta durƙusa ta ce, "Don Allah a daina kira na da sunan nan. Digiri kawai na gama. Sai na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashin wani, hukuma ta gwada ni ta yi min rajista, sannan ya halatta gare ni. Kafin nan in na amsa, na ɗauki abin da ba nawa ba." Ta juya ta ce, "Bappa, zauna mana, kana ta tsayuwa."

Ya zauna. Bai ci abincin ba.

Yanzu tana aiki tare da Madam Jane, kuma da rani suka fara auna kwarin bayan gidanmu. Leburorinta Safiyya suke ce mata, ta hana su ɗayan sunan. Shi kuwa har yau rubutun na nan a bayan motarsa, sai dai a gidanmu ba mai iya furta shi. Ran nan ya zo gaishe ni, jikata ta leƙo ta ce wa za ta ce yana sallama. Ya ce, "Ki ce Bubayero ne."