Ɗorawa Bakwai na Iyatu

Iyatu ba ta taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Sati guda da kawo ta aure wani ƙauye a bayan Ashige, surukarta ta kai ta wani fili ta nuna mata itacen ɗorawa bakwai. Al'adar can ke nan: ƙasa ta maza ce, amma 'ya'yan ɗorawa na matar da aka nuna wa ne. Filin ya sauya hannu sau uku, mijinta ya rasu, ɗorawa suna nan nata.

Da su ta rayu shekara hamsin. Ta kaɗo, ta sussuke, ta dafa kalwa, ta rufe da ganye har daddawa ta nuna. Ranar kasuwa tana Assakio, gefen ƙawarta Ngumimi mai doya, wadda kullum take toshe hanci.

"Iyatu, wannan warin zai kori kwastoma na!"

"Warin ne yake kira su, Mama Doya. Doyarki ba miya, wa zai haɗiye?"

Bara na san ta. Na gama digiri, wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin tsara filaye. Kafin a ce ga inda za a yi hanya ko tasha, sai a tara mutanen gari su nuna yadda suke amfani da ƙasarsu, a auna ɓarnar da aikin zai jawo. Mun zana taswirar ƙauyen su Iyatu a ƙasa, ƙofar gidan mai unguwa. Dutse gona ne, toka hanya, ganye fadama.

Ana cikin haka Iyatu ta ratsa maza, ta kwance bakin zaninta, ta jera kalwa bakwai a wani gefe da ba dutse.

"Iya, miya za ki kaɗa mana a taswira?" in ji wani. Aka kwashe da dariya.

"Kai da kake sha har ka lashe hannu?" Ta juyo gare ni. "Ɗan boko, ka gani?"

"Na gani, Iya."

Wallahi na gani. Amma takardar hannuna gida biyu ne da ita: sunan mai fili, da abin da ake nomawa. Na tambaya, aka ce filin na Malam Ya'akubu ne, ya daɗe bai noma shi ba. Na rubuta haka. Na yi niyyar ƙara bayani a gefe, sai shugabanmu, Oga Sebastian, ya fara danna hon. Na rufe takarda.

Da aka auna, aka ga babu inda ɓarna za ta yi kaɗan kamar filin da ba a nomawa. Can aka sa tashar manyan motocin doya. Malam Ya'akubu ya yarda, ai filinsa ne. A watan Maris aka sare itatuwan, jajayen furanni suna reto a jikinsu.

Ngumimi ce ta gaya mini a kasuwa, ko kallona ba ta yi ba. Gefenta yanzu mai sayar da bokitai ne yake zama.

Na tarar da Iyatu a gida, tukunyar dafa kalwa a kife. Na durƙusa na ce laifina ne, ban rubuta ba. Ta daɗe tana dubana.

"Ba ka ce ka gani ba?"

 Na ce ƙungiya za ta iya kawo mata dashe.

"Ɗorawa sai ta shekara goma take haihuwa, ɗana. Dubi haƙorana." Ta buɗe baki, kamar za ta yi dariya. "Na so in kai matar jikana in nuna mata, yadda aka nuna mini. Yanzu in nuna mata tayar mota?"

Oga ya yarda mun ƙara gida na uku a takardar: wa ke cin moriyar itatuwan? A kowane ƙauye yanzu, sai na cike wurin kafin in rufe takarda.

Wancan satin na ga Iyatu a Assakio. Ta tsaya gaban wata mata, tana taya daddawa.