Garin da Ba a Banda

A garinmu, Marken Ruwa, can cikin fadamar Haɗeja, ba a bandar kifi. Masunta ne mu kaka da kakanni, muna ɗan taɓa noman shinkafa, amma kifinmu ko dai a kai shi kasuwa ɗanye, ko a shanya ƙananan a rana. Shi ya sa kuɗin da muke samu bai kai rabin na maƙwabtanmu ba. Ina yaro abin yana ƙona mini rai, musamman in yaran wasu garuruwa suka ce mu ne masuntan da ke tsoron hayaƙi.

Kakata, Kaka Fanna, ita ta fi kowa tsanani. Bayan sallar isha'i mukan kewaye ta a ƙofar ɗakinta, wutarta kuwa garwashi ce zalla. Wata rana na jefa ɗanyen kara a ciki don neman magana. Ta make mini hannu da maficinta, ta tsame karan ta tsoma a ruwa.

"Kai maigidan banza, mai ƙaton kai," in ji ta. "Zauna nan. Yau ba Gizo ba Ƙoƙi, abin da idona ya gani za ku ji."

Ta ce tana 'yar ƙarama, a ƙarshen wata damina, labari ya zo cewa mahara na tafe, suna ƙona garuruwa suna kama bayi. Mutanen gari suka shiga kwale-kwale suka ɓuya a wani tudu a tsakiyar fadama, inda ciyawa ta fi mutum tsawo. Dagaci ya kafa doka: ko mace na naƙuda, kada a hura wuta. Sai ga shi a lokacin ruwa ya fara janyewa, tarwaɗa ta taru a kududdufai har da hannu ake kama ta. Tarwaɗa kuwa kitse gare ta, rana ba ta busar da ita, sai banda. Kifi ya yi tsibi, ya fara wari.

Kawunta Bukar, mai 'ya'ya rututu, wanda ruwa ya cinye shinkafarsa a shekarar, ya kasa jurewa. Ya zagaya bayan tudun ya kafa 'yar banda, yana cewa hayaƙi kaɗan iska za ta shanye shi.

"Iska ba ta shanye ba," in ji Kaka. "Miƙewa ya yi sama sak, kamar an kafa gwangwala."

Kafin la'asar dawakai suka keto ruwa, ya kai musu ƙirji. Kawu Bukar aka fara sara, ya faɗa kan bandarsa, rigarsa ta kama da wuta. Dagaci ya fito yana roƙo, aka soke shi a wuya bai gama magana ba. Waɗanda suka faɗa ruwa aka bi su da mashi ana cakawa yadda mu muke cakar kifi. Uwar Kaka ta tura ta ƙarƙashin tsibin ruɓaɓɓiyar tarwaɗa, ta juya za ta ɗauko ƙanin Kaka, doki ya bi ta kanta. Daga cikin kifin Kaka ta ga an ɗaure ƙanin da igiya a wuya tare da sauran yara, yana kiran sunanta, ita kuma ta cusa hannu a baki ta cije don kada ta amsa. Ta nuna mana tabon a hasken garwashi.

Waɗanda suka tsira su suka sake kafa garin, suka rantse ba za a ƙara banda a cikinsa ba. Ni kuwa na tashi ina ƙin Kawu Bukar. Na ɗauke shi makwaɗaici, wawa, wanda ya sayar da gari a kan kifi.

Kaka ta daɗe da rasuwa, ni ma na yi iyali, sai yaƙi ya sake ratso fadama. Muka gudu wannan tudun dai, a irin wannan lokacin dai, rumbuna ba ko ƙwaya. Na kama tarwaɗar da za ta riƙe gidana har bazara, na zauna ina kallonta tana kumbura, 'yata tana kukan yunwa a bayan uwarta. Ban san sa'ad da hannuna ya shiga aljihu ya damƙi ƙyastun kunna wuta ba. A nan na gane Kawu Bukar. Ba kwaɗayi ba ne, uba ne kamar ni. Wallahi na yi masa kuka, na roƙa masa gafara.

Sannan na tashi na kwashe kifin na zuba a ruwa, matata tana kallona. Washegari muka ji haniniyar dawakai a bakin gaɓa, suka yi ta kai da kawowa, suka wuce.

Mun sha yunwa a shekarar, ba ƙarama ba. Amma da muka koma gari, ba a bar kowa a tudun ba.