Tsayuwar Kofur a Gaban Kwamiti

Babu sojan da ƙasa ta girmama kamar Kofur. Ta ba shi lambar yabo, ta ba shi takardar godiya mai hatimi, ta kuma ba shi benci a barandar ofishin tsofaffin sojoji, inda yake zaman jira tun gashinsa na baƙi.

Aikinsa a soja dakon akwatunan harsashi ne, a ka da kafaɗa, daga mota zuwa rami. Can ya baro lafiyar bayansa da wuyansa. Bai taɓa zuwa asibitin bariki ba, don a rundunarsu raggo ne ke kai kukan ciwon baya. Saboda haka da ya nemi kuɗin nakasa, aka ce fayil ɗinsa fes yake. Ya ɗaukaka ƙara, aka ƙi. Dama ɗaya ta rage: kwamitin likitoci ya gan shi da ido. In ta wuce, zai ci gaba da tura ƙofar ƙarfen siton da yake gadi har ranar da ta fi ƙarfinsa.

"Ba ƙarya na ce ka yi ba," in ji matarsa da safen ranar. "Ka shiga yadda kake tafiya banɗaki a gida, dafe da bango. Ina abin tallafe wuyan naka?"

"Yana ɓata kwalar riga."

"Kwala! Maigida, asibiti za mu, ba fareti ba."

A asibiti, ya shiga ɗakin kwamitin dafe da kafaɗarta, a karkace, har ta fara sa rai. Sai ga shugaban kwamitin, likita mai muƙamin kanar, cikin kaki. Kofur ya saki kafaɗar, ya miƙe ƙyam, ya buga ƙafa, ya sara. Ita ta ji ƙarar da bayansa ya yi. Kanar bai ji ba.

"Yaya jikin, Kofur?"

"Garau, Yallaɓai!"

"Zauna mana."

"Na fi son tsayuwa, Yallaɓai!"

Gaskiya ya faɗa. In ya zauna, sai an ɗaga shi.

"Za ka iya juya wuyanka?"

"Umarni ne, Yallaɓai?"

"Umarni ne."

Ya juya dama, ya juya hagu. Idonsa ya kawo ruwa, kwamiti ya ɗauka kishin ƙasa ne. Matar ta buɗe baki, ya watsa mata harara, don ba a magana a sahu.

"Yaran yanzu su zo su ga soja," in ji Kanar. "Ku dubi takalmi!"

A kwance ya koma gida, a kujerar bayan tasi, matarsa na zaune a gaba. Amsa ta zo da wuri, karo na farko a tarihin ofishin. An rufe ƙarar, tare da yaba tsayuwarsa.

Takalmin kuwa matarsa ce ta sa masa, ita ta ɗaure igiyar. Rabon hannunsa da kaiwa ƙafarsa tun yana cikin kaki.