Yaya Sule da kwanonmu na azahar

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Sule makwancinsa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya koya mini ɗinki a shagonmu na Asawase, inda har yau nake taka keke. Ciwon suga ne ya yi ajalinsa bayan ya lalata masa ƙoda. Allah ya jiƙansa. Abin da ke ci mini rai shi ne, a duk Zongon Kumasi ban san mai suga da ya kai shi sanin ciwon ba.

Lokacin da aka gano yana da shi, asibitin unguwa na yin wani aji duk Talata, ana koya wa masu suga yadda za su kula da kansu. Yaya bai taɓa fashi ba. Zai ajiye almakashi ya tafi, ya dawo da takardu masu hotuna ya manna su kusa da madubi. Ya haddace komai, har da zanen nan na faranti da aka raba: rabi ganye, kwata kifi ko nama, kwata tuwo. Mutum zai zo awon riga ya koma gida da lacca. Muka sa masa suna Dokta, shi kuwa ya amsa.

Matsalar ita ce Yaya ba shi da faranti. Mu shida ne a shagon, kuma tun zamanin mahaifinmu da ya taso daga Nijar, kwano ɗaya ake ajiye mana a tsakiya da azahar. Yau tuwo, gobe wake da shinkafa, jibi dokunu, tuwon masarar nan mai tsami da ake naɗewa a ganye. Wanda ya janye hannunsa daga kwanon nan, to fushi yake yi, ko yana zargin an sa masa wani abu. Sau ɗaya Yaya ya gwada. Matarsa ta aiko masa da nasa daban, kusan duk ganye, ya koma gefe. Ni da bakina na ce, "Dokta, kai ka zama Bature kuraa, Bature sak, abincinmu bai yi maka ba?" Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya juye ganyen a namu ya matso. Bai sake gwadawa ba.

Bayan wasu watanni sai ga matasa biyu da takardu, an turo su su auna ko ajin ya yi amfani. A shago suka same shi. Me ake yi idan jiri ya kama mutum? Ya faɗa. Yaya ake duba ƙafa? Ya faɗa. Ya gamsu da ajin? "Na gamsu paa, sosai ma," in ji shi, "Allah ya saka wa Madam nas da alheri." Bai kuskure ko ɗaya ba. Suna cikin rubutu aka shigo da kwanon, har muka yi musu tayi, suka ce sun ƙoshi. Babu wanda ya tambaye shi da wa yake ci. Na tabbata a rahotonsu Yaya na cikin waɗanda ajin ya yi wa aiki.

Ban ga laifin nas ɗin ba, ta koyar da gaskiya. Matasan ma abin da ke takarda suka tambaya. Nawa laifin na gani, sai dai na gan shi a makare.

Ajin yana nan har yau. Yanzu saƙo ma suke turowa ta waya, masu aunawa kuma sun daina zuwa da takarda, latse-latse suke yi. Da Yaya na raye da ya riga kowa iyawa, na san halinsa. Amma ina jin da zai tambaye ni ko an fara gayyatar abokan cin mutum zuwa ajin.

Bara ciwon ya kama Malam Isa, mai yi mana aikin wuyan riga, wanda muka taso tare. Shi ma yana zuwa aji. Da mai aunawa ta zo wurinsa, na ce mata, "'Yata, rubuta cewa kwano ɗaya muke ci." Ta duba wayarta sama da ƙasa ta ce, "Baba, babu wurin sa wannan." Ta yi alkawarin faɗa wa manyanta. Wataƙila ta faɗa.

Na yi iya yina. Na ce duk mu koma cin irin abincin Isa, kwana uku sauran suka ce ganye ba ya taka keke. Na sayo farantai, kowa da nasa. Muka ci shiru kamar baƙi a tasha. Rana ta biyu Isa ya ajiye nasa ya ce, "Saboda ni za ka watsa shagon Baba? Gara in daina zuwa." Na san da gaske yake, kuma ba shi da wani wurin zuwa. Na tattara farantan na kai gida.

To me ya rage na Yaya? Rigunan da ya ɗinka suna jikin mutane. Tsofaffin layinmu har yau suna duba ƙafarsu saboda laccarsa, wasu ma ta yi musu rana. Ilminsa ya zauna, ni ma na haddace shi, kuma ban san abin da zan yi da shi ba.

Jiya na ga Isa yana ɗingishi, ya ce takalmi ne ya matse shi. Na san ba takalmi ba ne. Muka idar da sallar azahar, aka kawo tuwo, ya tsaya yana kallona. Ni ne na ce masa bismilla.