Almakashin Mai Farce

A coci Mai Farce ake kiranta, ko da yake wanki da guga ne sana'arta. Tun tana da ƙarfinta, kowace Asabar takan ɗauki ɗan almakashi ta bi ɗakunan tsofaffin da ba sa iya sunkuyawa. Sai ta jiƙa musu ƙafa da ruwan ɗumi, ta yanke farce, tana yi tana faɗa.

"Ubangiji ma ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, balle ni? Miƙo ƙafar, Baba, daina noƙewa!"

Yau ƙasa ta rufe idon tsofaffinta, ita ma baya ya ƙi lanƙwasuwa. Farcenta ya murɗe ya shiga nama, takalmi ya gagara. 'Yan coci suna zuwa da sabulu da addu'a, amma idonsu ba ya sauka ƙasa da gwiwa.

Ranar da matar fasto ta leƙo, sai ta daure ta janye zane daga ƙafarta, ta miƙa mata almakashin. Kunya ta hana ta magana.

"Ayya, Mama, har da kyauta? Allah ya saka!" in ji matar fasto. Ta jefa shi cikin jaka, ta tafi.