Rhissa, Mutumin da Ya Zauna Cikin Ƙaya

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu na 2024, da hantsi, ina sharar gona, labari ya iso mu a Rijiyar Ɗangoggo cewa Allah Ya karɓi ran Rhissa a asibitin Dakoro. Mu duka na Allah ne, kuma gare Shi za mu tattara. Ni Tanimu manomi ne, kai kuwa Rhissa makiyayi, Buzu ɗan arewa da iyayenka suka zauna kusa da mu bayan fari ya cinye musu dukiya. Ba jini ya haɗa mu ba, amma yau ina jin kamar yayana na binne.

Wanda bai san garinmu ba ba zai gane girman rashin nan ba sai ya san kwarinmu. Gabas da gari akwai kwari mai faɗi, wanda muna yara ƙarangiya da komayya ke rufe shi da damina, gamba kuma ta tsaya a gefe har ta ɓoye ɗan maraƙi. Ta cikinsa burtali ya bi zuwa rijiya. A shekarun da yashi ya fara binne gonakinmu, aka kawo wani baƙon itace mai ƙaya, wanda ma'aikatan gandun daji ke kira furozofis, aka dasa a kan tudu. Ya tare yashin kuwa, mun gode masa. Sai dai awaki suka ci 'ya'yansa suka watsa irin a kashinsu, kafin mu farga ya sauko kwari ya yi duhu. Ciyawa ta mutu a ƙarƙashinsa, burtali ya toshe. Dabbobi suka koma ratsa gonaki don su kai ga ruwa, kowace kaka sai an yi ɓarna, sai an je gaban mai gari, wani lokaci har gaban jandarma. Ku makiyaya kuna cewa a sare itacen, mu muna cewa wanda ya taɓa shi ya taɓa gonakinmu da murhun matanmu.

Duk cikin wannan tsamin ba ka taɓa yanke zumunci ba. Shekarar da mahaifiyata Uwale ta kwanta, ba ta iya haɗiyar komai sai nonon raƙumi, kai ne kake kawo shi da kanka kowace safiya, a lokacin da mutanenka da namu ko gaisawa ba su yi. Kana aje ƙwaryar a bakin ƙofa, ka tambayi jikinta, ka juya. Har ta rasu tana sa maka albarka.

Sai ranar da ba za mu manta ba, shekara uku da suka wuce, bayan an gama kai hatsi rumbu. Taguwar ɗanka Halidu, wato raƙumarsa, ta kutsa cikin duhun itacen ta maƙale, ƙaya ta yi mata illa a ƙafa har aka yanka ta. Washegari da azahar Halidu ya zo bakin kwari da samarin makiyaya, ɗauke da jarkokin esansi, wato man fetur. Iska tana kaɗawa daga gabas, kai tsaye zuwa rumbunanmu. Duk wanda ke wurin ya san in wutar nan ta tashi, ba itace kaɗai za ta ci ba, har da abincin shekara da rabin gari. Mutanenmu suka fito da gatura da sanduna. Mata suka kwashe yara suka yi yamma. Mai gari yana magana, babu mai jinsa. An riga an zuba man a gindin itatuwan farko, warinsa ya cika wurin.

A nan ka iso, ba ka ɗauke da ko sanda. Ba ka tsaya wajensu ba, ba ka tsaya wajenmu ba. Ka sunkuya ka kutsa cikin ƙayar, tana jan rawaninka tana yagar rigarka, har ka kai inda aka zuba man, ka zauna a ƙasa. Ka dubi ɗanka ka ce, “Halidu, ƙyasta. In hatsin mutanen ga za ya ƙone, da ubanka za ya ƙone.”

Halidu ya daɗe a tsaye da ashana a hannu. Na ga wani cikin samarinmu ya gyara riƙon gatari, na ga wani cikin nasu ya kai hannu ga takobi. Da mutum ɗaya ya yi tari da ƙarfi a lokacin, da Allah kaɗai Ya san gawa nawa za a ɗauka. Daga bisani Halidu ya jefar da ashanar ya juya baya. Mun ɗauka shi ke nan, ashe ba ka gama ba. Ka juyo gare mu, jini na bin goshinka, ka ce ba za ka fito ba sai mu ma mun faɗa da bakinmu inda dabbobi za su bi su sha ruwa. Har la'asar ta yi kana zaune a wurin.

Abin da aka tsayar a ranar shi ne a bar itatuwan tudu su ci gaba da tare yashi, a tone na kwari tun daga saiwa, mata su kwashe icen, ƙasar kuma ta koma makiyaya, babu mai noma ta. Aikin ya ci rani biyu. Kai ka tafi har wajen Tagriss ka tattaro irin ciyawa cikin buhuna, ka watsa gabanin ruwan farko, kuma dabbobinka ka fara ɗaurewa don kada su taka tsiron. Da wani saniyarsa ta shiga, ba ka kai ƙara ba, kakan janyo ta ka kai masa har gida, kunyar da ya ji ta fi tara zafi. Daminar bara na ga komayya ta yi kai a kwarin, na ga tsofaffi sun tsaya suna kallo.

Ƙayar da ka yaƙa ce ta zama sanadi. Ta soke ka a tafin ƙafa wajen tonon sauran kututture, ga ciwon sukari, ka ɗaure da tsumma ka ci gaba da fita har ƙafar ta kumbura. Ko da aka kai ka Dakoro, kwana ya ƙare.

Da na so in ce maka ka bar mu lafiya, amma ba ka son ƙarya. Ƙasar da aka tone ta yi baƙi ta yi kyau, ta shiga idon wasu. Safiyar sadakar uku aka tarar an kakkafa turaku a tsakiyar kwarin, alamar gona. Makiyaya suka tashi daga tabarmar addu'a suka koma gefe guda. Halidu bai taɓa turakun ba. Ya zo ya durƙusa gabana ya ce a hankali, “Baba Tanimu, ku kun san mai su. Mu muna jira.”

Na san mai su kuwa. Ƙanena ne Mohamed, uwa ɗaya uba ɗaya. Da rana tsaka, a gaban mai gari da kowa, na tumɓuke su na ɗora a ka na kai masa ƙofar gida. Tun ranar bai amsa gaisuwata ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ban san abin da daminar nan za ta zo da shi ba, kuma babu kai. Amma muddin ina numfashi, garma ba za ta shiga kwarin nan ba.

Allah Ya jiƙanka, Rhissa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya tsare ka daga wuta kamar yadda ka tsare mu daga ita. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Fadimata, da Halidu, da 'yarka Zuhura da ƙannenta, da dukan makiyaya da manoman Rijiyar Ɗangoggo. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sanyaya zukatanmu, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.