Inna Kuku a Bene na Biyu

Inna Kuku ta yi ƙuruciyarta da tsufanta a kicin ɗin makarantar kwana. Ɗalibai ne suka raɗa mata sunan, ya bi ta, har marigayi mijinta, mai gadin makarantar, da shi yake kiranta idan yana son tsokana. Tukwanenta sai mutum biyu ke ɗagawa. Ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba. Ta damƙo da hannu ta watsa, kuma ya yi daidai.

Da ƙarfi ya ƙare aka sallame ta, aka ce gidan ma'aikata na mai aiki ne. Ɗanta tilo yana wata ƙasa mai nisa. Ta ɗan raɓa gidan 'yar ƙanwarta, tana kwana a falo, tana naɗe katifa kafin mai gidan ya fito. Daga nan ne wata ƙungiya mai gina wa tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi gidaje masu sauƙin haya ta ba ta ɗaki a bene na biyu.

Ɗakin ba laifi. Akwai ƙarfen dafawa a banɗaki, da igiyar da za ta ja idan ta faɗi, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Nas tana zuwa auna mata jini. Jami'ar ƙungiyar, wata doguwa mai fara'a, takan leƙo ta ce, "Inna, ba matsala dai ko?" Matsalar ɗaya ce, kuma ba ta faɗuwa: shiru. Matar da kunnenta ya saba da hayaniyar kwanoni, ga ta nan tana sauraron kukan firji.

Girkin mutum ɗaya kuwa ya gagare ta. Ta auna shinkafa kaɗan, hannunta ya ƙara ba da saninta ba. Sai ta zuba a kwanuka ta bi ƙofofi. Maman 'yan biyu, mai aiki a masaƙa, takan karɓa da sauri tana saɓa jaka: "Allah ya saka, Inna, na makara." Tsohon direba na ɗakin da ke kallon nata yakan ɗanɗana ya yamutsa fuska.

"Gishiri ya yi yawa."

"Bakinka ne ya tsufa."

"To ƙaro, in tabbatar."

Wata rana da hantsi ta ɗora mai a wuta, sai ta ji muryoyin yara daga ƙasa, an taso su hutun tara a makarantar da ke maƙwabtaka. Ta fita baranda ta zauna tana kallonsu. Man ya fita daga ranta sam. Ƙararrawar hayaƙi ce ta dawo da ita. Kafin ta taka, direba ya riga ta shiga, ya rufe kaskon da murfi, yana tari kamar ransa zai fita. Labule ya ƙone rabi.

Jami'a ta zo ta zauna a bakin gado, ta riƙe hannunta.

"Inna, wannan ne karo na biyu. Nas ma ta ce mantuwar tana ƙaruwa. Dole mu cire gas ɗin. Motarmu za ta riƙa kawo miki abinci."

"Ni za a kawo wa abinci?"

"Akwai jarirai a benen nan, Inna."

Inna ta dubi ƙonannen labulen. Yarinyar ta fi ta gaskiya.

Tun daga nan ta rage fitowa. Abincin mota yakan huce a kan tebur. Direba ya ƙwanƙwasa, ta ce barci take. Har zane ya fara yi mata yawa.

Jami'ar ce ta samo dabara. Akwai kicin a zauren taro na ƙasa. Duk Alhamis Inna za ta yi wa mutanen gidan girki, ita kuma tana tsaye kusa. Ranar farko Inna ta sa farin gyauto, ta tura jami'a yankan albasa, har da faɗa: "Haka uwarki ta koya miki riƙon wuƙa?" Ta jera kujeru da kanta.

Mutane sun zo, sun yaba ƙamshi. Sai dai kowa da robarsa. Wannan zai koma aiki, waccan ta bar yaro yana barci. Aka zuba musu, suka yi godiya, suka haye sama. Direba kaɗai ya zauna, ya ci ya ƙara, barci ya kwashe shi a kujera.

Tana wanke tukunya wayarta ta yi ƙara. Ɗanta ne.

"Inna, lafiya dai? An ce min an yi gobara."

"Wace gobara, ɗan hayaƙi ne. Yau ma ni na ciyar da gidan nan kaf."

"Madalla. Bari in kira ki anjima, ana jirana."

Ta daɗe riƙe da wayar, kumfa na ɗiga daga hannunta. Jami'a ta kashe gas, ta kulle kicin, ta sa makullin a jaka.

"Sai Alhamis, Inna?"

"In muna raye," in ji ta. "Ki sayo albasa da yawa."

Ta kama ƙarfen matakala, ta soma hawa a hankali.